Gurbin Kawu a Waƙar 'Yan Litinin

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ne mai cika guruf da sitika tun asuba, wanda ake cewa yatsansa ya fi bakinsa sauri. Amma ranar Alhamis ɗin nan layi ɗaya tak ya gagare ni. In rubuta in goge, in rubuta in goge. Daga ƙarshe na tura shi haka ba ado: Kawu ya rasu. Yayan Ummata ne ciki ɗaya. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka Dubai karatu, kuma a filat ɗinsa na Al Rigga nake kwana har yau, gadonsa na kallon nawa.

Da na kira Umma a Kano ba ta yi kuka ba da farko. Tambayata ta yi ko ya ci abinci kafin abin ya faru. Na ce ya ci, ga farantinsa nan ma ban wanke ba. Ta ce to alhamdulillahi, daga nan sai numfashi kawai nake ji a layin. 'Yan kargo na layinmu suka ja ƙofofin shagunansu rabi. Wani dattijo a cikinsu yake ce min shekara da shekaru suna gaisawa bai san sunansa na yanka ba, shi ma Kawu yake ce masa, alhali shi ne babba. Manajan otal ɗin da yake aiki ya aiko da wani ƙaton damin furanni, muka rasa yadda za mu yi da shi, ya kwana a bakin ƙofa cikin takalman masu gaisuwa. Malamin da ya yi mana addu'a a zaman makoki ya ce shi shaida ne, bai taɓa riga Kawu shiga sahu ba. Ya tsaya a nan. Kowa ya gane abin da ya tsallake, don gitar tana jingine a bayansa an lulluɓe ta da zanin gado.

Ita ma Umma cewa ta yi in zan rubuta wani abu, in ce ma'aikacin otal ne kawai, in bar zancen kiɗa. Na yi ta lallashi har ta gaji da ni. Ta ce, "To rubuta, amma ka sa cewa yana salla." Ga shi na sa, Umma, tun daga sama.

Wadda ta karya ni ita ce Yaya, babbar 'yar Kawu. Taubashiyata ce, tun ina ƙarami ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba. Biza ba ta fitowa a wuni ɗaya, don haka a nan aka binne mahaifinta, a maƙabartar da ke wajen Sonapur, ita tana Kano tana kallon bango. Bayan sadakar uku ta turo min murya. Babu tsokana ko ɗaya a ciki, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ɗan Yatsa, kai da kake ɗaukar komai har shawarmar da za ka ci. Turo min kiɗan Baba, ko na minti ɗaya ne. Ban taɓa ji ba. In ji, in jiyar da yara."

Wayata cike take har tana min gargaɗi. Akwai kyanwar ƙasan bene, akwai lakca, akwai ni ina shirme a metiro. Kiɗan Kawu kuwa babu ko sakan ɗaya. Ba a wayata kaɗai ba, a duk duniya babu shi. To dalilin haka nake so in faɗa, tun kafin mu da muka ji da kunnenmu mu watse mu ma.

Aikin Kawu na biza shi ne kaɗa gita cikin makaɗan otal. Jar falmaran, murmushi, da kiɗa mai sanyi wanda ba zai hana mai cin abinci jin abokin hirarsa ba. Da ya ɗan taɓa tsirkiya da ƙarfi sai manaja ya haɗe yatsu daga nesa: shuwayya, shuwayya, wato a hankali. Alhali mutumin nan kiɗan rok ne a jininsa. Tun yana saurayi a Fagge yake tsallakawa Sabon Gari ya saurari kaset-kaset na kiɗan nan mai gurnani, ya dawo gida ya gwada a gurmi. Ya ce min ranar da ya fara jin gitar lantarki, ya ɗauka gurmi ne aka ɓata wa rai.

Litinin ce ranar hutun makaɗan otal. Wata Litinin, tun ina firamare, ya tara abokan aikinsa ya ce kwana shida suna yi wa cokula kiɗa, rana ɗaya su yi wa kansu. Wani Alhajin kargo ɗan garinmu ya ba su kusurwa a sitonsa da ke unguwar DIP, can bayan kwalaye, inda maƙwabta duk masana'antu ne da suka fi su ƙara. Haka 'Yan Litinin suka faro. Ba fosta, ba tikiti, ba shafi a ko'ina. Kawu na gita da waƙa. Baffa, ɗan Zangon Kumasi, na kan ganguna. Tonton ɗan Damagaram na gita ta biyu. Sai Kuya ɗan Filifin da gitar bes, da Ceta ɗan Kerala a kibod. In ka lura ba sunan kowa a ciki. Da kalmar da ake kiran babba a garinku ake kiran ka. Kawu ya ce sunan yanka na fasfo ne, a bar wa kamfani.

Dokokinsu biyu ne. Ta farko tukunya. Akwai wata ƙatuwar tukunyar alminiyam da suke dafa shinkafa in an gama kiɗa. Kafin a jona sifika, kowa sai ya jefa wayarsa a ciki an rufe. Ranar da ya fara tafiya da ni, wallahi ji na yi kamar an ce in cire hannuna in ajiye. Na bi shi ina magiya, Kawu sitatus ɗaya kawai, abin nan ya haɗu, kwana biyu za ka yi tashe, duniya ta san da kai. Ya miƙo min tukunyar yana dariya.

"Ɗan Yatsa, duk abin da ya shiga waya ya zama aiki. Ni kuma ina da aiki."

Ta biyu ita ce gurbi, kuma ita ce ta ba ni kunyar da ban taɓa sha ba. Dubai ba garin zama ba ne, kowa da ranar da bizarsa za ta ce masa halas, zama ya ƙare. Babbar waƙarsu sunanta Saura Kaɗan, wato amsar da duk ɗan Dubai ke bayarwa in an tambaye shi yaushe zai dawo gida. A cikinta kowa na da wurin da sauran ke ja baya, ya fito shi kaɗai ya nuna abin da ya iya. Da Ceta ya koma Kerala, Kawu ya hana a cike wurinsa. In an iso nan kowa sai ya ɗauke hannu, mai ganga kaɗai ya riƙa buga sanda a kan sanda kar lokaci ya ɓace, har a wuce. Da Kuya ya tafi aka ƙara wani. Waƙar ta zama kamar bakin tsoho, ga haƙori ga giɓi.

Ni ba wanda ya gaya min. Kuya ya bar wa Kawu bes ɗinsa, Kawu ya danƙa min, na yi watanni ina koyo a ɗaki har maƙwabcinmu ya fara buga bango. Ranar da aka sa ni cikin waƙar, muna tafiya muna tafiya, kawai na ji kowa ya yi ɗif. Na ce a raina, oho, fili aka ba ni. Na rufe ido na saki wuta, kai na lilo, ji nake ni ne ƙarshe. Da na buɗe ido, kallona suke kamar na taka sallaya da takalmi. Tonton ya dafe kai yana ta subhanallahi, peti, wato yaro da Faransancinsu. Alhaji yana bayan kwali yana mutuwa da dariya. Kawu ya jira ƙarar ta mutu a sifika tukuna.

"Ka iya," ya ce. "Amma ɗakin mutum ka faɗa ba sallama."

Sannan ya yi min bayani, ya yanka min wurina daban, bayan na Tonton. Ya ce wannan nawa ne, in na gama digiri na gudu za su bar min shi. Dariya na yi lokacin. Ban taɓa kawo wa raina cewa gurbin da za a fara buɗewa a gabana nasa ne ba.

Ya fi yin kwalliya ranar Litinin a kan ranar aiki. Farin kaftani mai guga, hula a karkace, gita a baya, filas ɗin shayin karak a hannu, haka zai shiga metiro mutane na satar kallo. Mutum yana rok cikin kaftani, in ba ka gani ba ba za ka gane ba. In zai ɗaure tsirkiya sai ya kalli rufi kamar daga can ake gaya masa. Kuma da an ce Allahu akbar a masallacin ma'aikata da ke bayan siton, ko a tsakiyar kuka gitar take, tafinsa zai ɗora a kai ta yi shiru. Bai taɓa ƙarasa layi bayan kiran salla ba.

Wurinsa a Saura Kaɗan shi ne na ƙarshe, kuma ba shi da tsawo sananne. Yakan fara ƙasa-ƙasa, kamar maroƙi na gyaran murya, sai ya yi ta hawa har ka ji kwalaye na rawa. Amma a ƙarƙashin duk gurnanin nan gurmin Fagge kake ji, tsaf. Ba ya ƙarewa sai ya ɗaga wuyan gitar ya gyaɗa wa Baffa kai. Wata rana shaf-shaf zai gama. Ranar da kuwa ya yi waya da gida da safe, sai yunwa ta fara cin mutane bai sauko ba.

A gida kuma shi Baba ne mai kawo turare da atamfa. In zai je hutu ba ya tafiya da gita. Yaya ta taɓa tambayarsa, ya ce saura kaɗan, in ya dawo gaba ɗaya zai kaɗa mata a tsakar gida ta ji da kunnenta.

Faɗansa da Baffa a gabana aka yi. Otal ya sallami mai ganga ya sa na'ura, Baffa ya koma sikiriti a get ɗin wani masaukin leburori a Sonapur. Ranar Litinin kaɗai ta rage masa da yake makaɗi. Ya roƙi a ɗauke shi bidiyo ɗaya tak ya tura wa 'ya'yansa a Kumasi, su ga hannun ubansu ba buɗe get kawai ya iya ba. Kawu ya ce doka doka ce. Suka ja, suka ja. Can Baffa ya miƙe.

"Cale, abokina, wannan ba doka ba ne, kunya ne. Kunyar kiɗanka kake ji, shi ya sa kake ɓoye shi cikin tukunya."

Maganar ta shige shi, na gani a fuskarsa. Shi ma ya mayar da wadda bai kamata ba, ya ce in hoto Baffa ke so, ai akwai kyamara a saman get ɗinsa, ya tsaya a gabanta. Baffa ya buɗe tukunya ya ɗauki wayarsa, ya bar sandunansa a kan ganga, ya fita cikin ranar nan mai dafa mutum. Ni dai a ganina kowa a cikinsu na da rabin gaskiya, amma wa ya tambaye ni.

Litinin da ta biyo, Tonton ya yi tambaya a hankali, ko za a buɗe wa Baffa gurbi. Ban taɓa ganin ran Kawu ya ɓaci haka ba. Ya ce gurbi na wanda ya tafi ne, wannan kuwa yana Sonapur yana kumbura. Ya lulluɓe gangunan ya hana kowa taɓawa, shi da kansa yake goge su. Ya kife bokitin fenti ya zaunar da Alhaji a kai. To Alhaji akwai sanin kan kwantena, amma kiɗa sai dai a yi shiru. In an yi gabas ya yi yamma, kuma da ƙwarin gwiwarsa. Haka muka sha bokitin nan sama da shekara. Kullum in an sauke shinkafa, Kawu zai cika kula ya ba direban bas ɗin ma'aikata mai bi ta Sonapur, ba saƙo ba gaisuwa. Kular ta dawo a wanke, wani lokaci da kwalbar shito, yajin nan na Gana, a ciki. Nan ma ba saƙo. Dattawa biyu da furfura suna gaba kamar 'yan aji uku, shinkafa da yaji na kai da kawo a tsakaninsu.

Ba su shirya ba har ranar Alhamis ɗin. Ya ci abinci, ya yi la'asar, ya sa falmaran zai tafi aiki, ya zauna a bakin gado zai ɗaura takalmi. Tonton da ya biyo masa su tafi tare, a nan ya same shi. Ni ina lakca ina danna waya a ƙarƙashin tebur.

A maƙabarta sai ga Baffa cikin kakin sikiriti. Bai gaisa da kowa ba. Ya cire but ɗinsa ya shiga kabarin, shi ya karɓe shi. Kafin a shafa addu'a ya ɓace.

Na yi makonni ina kwana da muryar Yaya ban amsa ba. Ni da ba na barin saƙo ya huce. Da na gaya wa Tonton, ya ce ba mai ganga ba waƙa, kuma Alhaji kada ma a kawo zancensa. Na hau bas na canza bas har Sonapur, na samu Baffa a get cikin 'yar rumfarsa. Ban yi dogon bayani ba, na kunna masa muryar. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita. Sannan ya ce Litinin.

Muka haɗu da azahar. Baffa ya yaye lulluɓin gangunan, ya tarar da sandunansa a inda ya bar su, ba ƙura. Alhaji ya kawo tukunya. Na ce yau kam a bar ni in ɗauka, sau ɗaya, ko ba Kawu a ciki ai waƙarsa ce, Yaya ta samu abin riƙewa. Na tabbata Baffa zai tsaya min, tunda a kan haka ya yi zuciya. Sai ya girgiza kai ya ce ba a ɗauka. Raina ya ɓaci, na ce haba Baffa, kai fa ka fara neman wannan.

"Kira ta," ya ce. "Ka sa sifika, ka jefa wayar a tukunya, kar ka kashe. Haka yake min."

Muka tsaya kallonsa. Ashe duk Litinin tun ranar faɗan, Kawu sai ya kira shi. Ba ya cewa uffan, ko sallama. Ya jefa wayar a tukunya a kunne. Shi kuma, da yake ya daina karɓar hutun Litinin, yana get da abin kunne a kunne ɗaya, yana ɗaga wa motoci ƙarfe, yana jin mu daga cikin tukunya tun daga farko har kiran la'asar. Sai lokacin na tuna Kawu ne kullum na ƙarshen saka waya, kuma murfin a karkace yake ɗora shi.

"Kowane sati ina ji Alhaji na kashe min waƙa da bokiti," in ji Baffa. "Allah ya isa."

Alhaji ya ce shi fa taimako ya yi, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya kauce. Dariyar farko ke nan da aka yi a siton tun rasuwar, har Tonton na share ido da hula.

Na kira Yaya. Na ce ba ni da bidiyo, ba kuma zan taɓa samu ba, amma ta tara yara ta saurara. Na ajiye ta a ƙasan tukunya cikin sauran wayoyi, na karkace murfin.

Baffa ya buga sanda, yalla, muka shiga. Tonton ya ɗauki waƙar da muryarsa mai kama da ƙofar kwantena. Muka zo wurin Ceta muka ɗauke hannu, muka wuce. Wurin Kuya, na riƙe yatsuna kamar na riƙe numfashi. Tonton ya yi nasa, na yi nawa, ban ma san me na kaɗa ba. Sai muka iso na ƙarshe.

Kowa ya ɗauke hannu. Sanda a kan sanda, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na Ceta da na Kuya mun san inda suke ƙarewa. Wannan kuwa mai gyaɗa kan ba ya nan. Baffa na kallon wurin da Kawu ke tsayawa, kusa da kwalayen firiji, yana ta bugawa. Ana jin motar ɗaukar kaya tana ja da baya a waje. Can sai murya ta fito daga tukunya, siririya, da amon alminiyam.

"Halo? Ɗan Yatsa? Ya yanke fa. Netwok ne?"

Baffa ne ya sunkuya wajen tukunyar bai daina buga sandar ba.

"Bai yanke ba, 'yata. Wurin babanki ne. Nan yake kaɗawa shi kaɗai."

Ta ce, "Yana daɗewa?"

"Ya danganta. In ya yi waya da ku da safe, yana daɗewa sosai."

Muka ji wani yaro ya fara magana, ta ce su yi shiru, Kaka ne. Sai ta dawo kusa da wayar.

"To ku bar shi ya gama."

Muka bar shi. Ban san tsawon lokacin ba, agogona na cikin tukunya. Ni dai na san na ji shi, tun daga gyaran muryar nan har inda kwalaye ke rawa, kuma na ga leɓen Tonton na bin sa. Ba mu koma cikin waƙar ba. Ladan ne ya ɗaga murya a masallacin baya, Baffa ya haɗe sandunan ya kwantar da su a kan ganga ya ce ya gama. Muka fita alwala.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya masa ƙasar Sonapur, ya sa ya huta a gidan da ba a tambayar kowa yaushe zai dawo. Allah ya ba Yaya da ƙannenta da Umma haƙuri. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Yaya ba ta sake tambayata bidiyo ba. Litinin da ta zagayo, ina tsaye a metiro da bes a baya, ko DIP ban kai ba, wayata ta yi ƙara.

"Kai malalaci, har yanzu ba ku fara ba? In ka isa ka sa ni a tukunya."